Magatakardan da ya tona asirin alƙali: ta yaya mai karatu zai tsaya a bayansa?

Malamar Birni ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin kotu daga ciki, da waɗanda suka saba karanta littattafan da ake ginawa a kan shari'a, domin na kai wani wuri a rubutun da nake yi wanda na kasa wucewa.

Ni malamar makaranta ce a nan Damagaram, kuma kusan shekara biyu ke nan ina rubuta wani ƙagaggen labari da Hausa. Wata mata ce mijinta ya rasu ya bar mata ƴaƴa huɗu da gona guda a bakin hanyar Mirya, a daidai inda gari ya fara cimma gonaki har ƙasa ta yi tsada. Wani attajiri ya fito da takarda ya ce marigayin ya sayar masa da gonar tun yana raye. Sulhu ya gagara a wurin mai gari, magana ta kai kotu, matar ta faɗi. Wanda labarin yake bi shi ne matashin magatakardan kotun, wanda ya gano cewa an sayi hukuncin, ya kwana da abin a ransa wata da watanni, daga bisani ya fallasa alƙalin. Alƙalin nan kuwa abokin mahaifinsa ne, shi ya tsaya masa lokacin neman aiki, kuma shi ya sayi ragon sunan ɗan magatakardan na fari.

Na ba mutum uku abin da na rubuta su karanta, dukansu masu ilimi ne kuma ba wanda yake goyon bayan zalunci a cikinsu, amma su ukun sun dawo mini da magana guda: sun tausaya wa matar, sun ƙi alƙalin, sai dai zuciyarsu ba ta kwanta da magatakardan ba. Ɗaya daga cikinsu ta ce mini ba ta iya son mutumin da ya tona asirin wanda ya rufa masa asiri. Na yi kwanaki ina juya wannan magana, sai na lura cewa matsalar tana cikin harshenmu kansa. Babbar addu'ar da muke yi wa juna ita ce Allah ya rufa asiri, tun muna yara ake gaya mana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma kusan duk sunan da muke da shi na mai fitar da maganar da aka ɓoye suna ne na zagi: magulmaci, annamimi, munafuki, maci amana. A littattafan Amurka da na karanta a fassarar Faransanci, mai fallasa jarumi ne tun daga shafin farko, marubuci ba ya wahalar kare shi.

Tambayoyina biyu ne. Ta wace hanya ake sayar da hukunci a zahiri, yadda magatakarda zai iya ganewa ba tare da ya laɓe a bayan ƙofa ya ga ana miƙa jakar kuɗi ba? Sannan ta yaya zan sa mai karatu Bahaushe ya tsaya a bayan wannan matashi, ba tare da na mayar da alƙalin dodon da ba a taɓa ganin irinsa ba?

Tsohon Magatakarda ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƴata. Na yi wannan aiki shekaru masu yawa kafin in yi ritaya, kuma zan amsa tambayarki ta farko gwargwadon abin da idona ya gani, ba tare da na ambaci kotu ko mutum ba.

Kin yi daidai da kika guje wa jakar kuɗi. A tsawon aikina ban taɓa ganin an miƙa wa alƙali kuɗi a ofishinsa ba, kuma ya kamata in faɗa tun da farko cewa na yi aiki da alƙalai da yawa waɗanda ko goro ba sa karɓa daga mai shari'a a gabansu. Inda ɓarna take kuwa, takan bi ta hannun dillalai, wato mutanen da ke zama a harabar kotu daga safe zuwa tashi, ba ma'aikata ba ne, ba lauyoyi ba ne, amma sun san kowa. Su ne ke tarbar baƙauyen da ya zo a ruɗe, su ce masa sun san hanyar ganin alƙali. Wani lokaci kuɗin yana kaiwa inda aka ce zai kai, wani lokaci kuwa a aljihun dillali yake tsayawa, alƙali bai san an sayar da sunansa ba. Wannan kaɗai ya isa ya hana magatakardanki barci, domin kafin ya buɗe baki dole ya tabbatar da wanda ya ci. Haka kuma ba wanda ke kiran abin da sunan rashawa. Gaisuwa ce, ko na goro, ko gudummawar biki, ko buhunan hatsi da aka sauke a gida bayan girbi alhali maigidan ba ya nan.

Abin da magatakarda ke gani shi ne takarda, saboda haka a takarda za ki ɓoye laifin. Shari'ar gona irin wadda kika kwatanta tana zuwa kotu ne da takardar da ke nuna cewa sulhu ya gagara a wurin sarakunan gargajiya, alƙali kuma yana zama da mashawarta kan al'ada, waɗanda ra'ayinsu shawara ce kawai, ba ta ɗaure shi. Shaidu suna magana da Hausa ko Barbarci, tafinta yana juyawa zuwa Faransanci, magatakarda yana rubutawa, sannan a rubuta hukunci da harshen da matar nan ba ta ji. A kowace gaɓa daga cikin waɗannan ana iya karkatar da magana. Dattijo zai ce marigayi ya jinginar da gonar, a rubuce kuma a ga ya sayar da ita, alhali duk manomi ya san cewa tsakanin jingina da sayarwa akwai gadon ƴaƴa huɗu. Ana iya ɗage zama sau biyar ko shida har damina ta faɗi, shaidun talaka su koma gonakinsu su daina zuwa. Ana iya ɓatar da dosiye, wato kundin takardun shari'ar, na wata uku, ya dawo babu shafi guda. Ana iya jinkirta rubuta hukuncin da aka riga aka karanta a baki, ta yadda wanda ya ɗaukaka ƙara zai yi ta jira, mai ƙarfi kuwa ya riga ya zagaye gonar da bulo. Ga kuma mafi sauƙi duka, wato a bar wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce ba tare da kowa ya yi wa matar bayani da harshenta ba.

Shawarata ita ce ki sa hannun magatakardan kansa a cikin laifin. Alƙalin ya kira shi da yamma bayan an tashi, ya ce masa cikin lallashi, irin na uba da ɗa, ya sake rubuta bayanin zaman ranar kaza domin akwai kuskuren tafinta, ya gaya masa kalmar da zai canza. Shi kuma ya canza, ya sa hannu. Daga wannan rana asirin ya zama nasa, kuma idan ya tona, kansa ya fara tonawa. Na faɗi haka ne domin an taɓa neman irin wannan daga gare ni. Na ƙi, amma ban gaya wa kowa ba, aka ba wani ya rubuta, aka yanke hukuncin yadda aka so, kuma har yau ina tuna fuskar dattijon da ya fita daga zauren nan yana tambayar mutane abin da aka ce. Shekarun da suka wuce ba su sa na daina tambayar kaina ko ƙin da na yi ya wadatar ba.

Ɗan Zango ya amsa:

Yaya Malama, bayanin Baba tsohon magatakarda ya gamsar a kan yadda ake yi. Ni na karanta shari'a a Yamai, kuma ina so in ƙara magana a kan inda matashin zai kai ƙararsa, domin a nan ne littattafan Amurka za su iya ɓatar da ke.

Ki duba littafin da marubucin Amurka John Grisham ya fitar a 2016 a kan wata alƙaliya a jihar Fulorida da ke karɓar kaso daga kuɗin wani gidan caca. Wadda ta fallasa ta ita ce mai rubuta bayanan zaman kotunta, kusan irin magatakardanki ke nan. Amma labarin yana tafiya ne a kan ƙafafu biyu da ba mu da su yadda suke a can: akwai hukuma ta musamman mai binciken halayen alƙalai wadda ke da ma'aikatanta, sannan mai fallasar tana sa ran samun kaso mai tsoka daga dukiyar da za a ƙwato. Wannan tunani ya daɗe a dokokinsu, tun daga wata doka ta 1863 wadda a yau take ba wanda ya tona zambar da aka yi wa gwamnati kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na abin da aka karɓo. Maƙwabtanmu na Najeriya sun ɗauki wani abu mai kama da haka a watan Disamban 2016, inda suka yi alkawarin kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari. Idan kika ɗauko ladan kuɗi kika sa a labarinki, kin kashe magatakardan a idon mai karatunmu, domin nan take za a ce ya sayar da ubangidansa.

A Nijar alƙalai naɗa su ake yi, kuma ladabtar da su yana hannun majalisar ƙoli ta alƙalai. A 2011 ma'aikatar shari'a ta buɗe layin waya na musamman domin karɓar koke-koken jama'a a kan cin hanci a kotuna, a shekarar ce kuma aka kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta HALCIA, sannan bayan sauyin mulki na Yulin 2023 aka kafa COLDEFF, hukumar yaƙi da laifukan kuɗi da na tattalin arziki. Saboda haka dole ki tsayar da shekarar da labarinki ya faru, domin ƙofar da zai ƙwanƙwasa ta danganta da ita. Ko wace ƙofa ce kuwa, tana Yamai, kusan kilomita 900 daga nan, alhali shi gobe da safe zai koma ofis ya gaishe da wanda ya kai ƙara. Kar ki manta kuma cewa magatakarda ya yi rantsuwar riƙe sirrin aiki, kuma idan ya fusata ya watsa takardun a Facebook ko WhatsApp, dokar laifukan intanet ta 2019 tana hukunta ɓata suna ta waɗannan hanyoyi, ta yadda zai iya riga alƙalin shiga gidan kaso. Wannan tsoro ya fi bin mutum da mota cikin dare kama da rayuwarmu, kuma ya fi shi tayar da hankalin mai karatu.

Idan kina neman misali na gaskiya daga yankinmu, ki karanta abin da ya faru a Ghana a 2015, lokacin da ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas ya ɗauki hotunan bidiyo a ɓoye, aka zargi alƙalai 34, aka kuma kori 20 na ƙananan kotuna a watan Disamba na shekarar. Daga cikin abin da aka ga ana karɓa har da awaki. Wannan ya nuna cewa toshiyar baki ba sai ta kai miliyoyi ba kafin ta juya hukunci.

Malam na Sabon Gari ya amsa:

Malama, Allah ya yi wa aikinki albarka. Tambayarki ta biyu ita ce ta ja ni, domin ina ganin masu karatunki uku sun haɗa abubuwa biyu da malamai suka raba tun da daɗewa.

Rufin asirin da addini ya yaba shi ne rufe laifin da mutum ya yi tsakaninsa da Ubangijinsa, wanda cutarwarsa ba ta tsallaka zuwa ga wani ba. Amma inda haƙƙin wani bawa yake ci gaba da salwanta, shirun wanda ya sani sunansa ɓoye shaida, kuma aya ta 283 ta Suratul Baƙara ta hana shi a sarari, ta ce mai yin haka zuciyarsa mai zunubi ce. A cikin surar dai, aya ta 188 ta hana kai dukiya ga mahukunta domin a ci wani yanki na dukiyar mutane da zalunci, sannan aya ta 135 ta Suratun Nisa'i ta umarci muminai su tsaya da adalci, su yi shaida domin Allah ko da a kan kawunansu ne ko iyayensu ko danginsu. Kin ga ayar ta ambaci kai kafin iyaye, wanda ya yi daidai da shawarar da Baba ya ba ki. Imamu Nawawi ma ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama giba, na farkonsu shi ne wanda aka zalunta ya kai kuka wurin mai ikon karɓar masa haƙƙinsa.

Sai dai ina roƙon kada ki mayar da waɗannan wa'azi a bakin wani malami a tsakiyar littafin. Abin da zai kwantar da zuciyar mai karatu shi ne ya ga matashin ya bi matakan da ɗan halak zai bi. Ya fara zuwa wurin alƙalin shi kaɗai, ya durƙusa kamar yadda ya saba, ya roƙe shi ya gyara. Idan bai ji ba, ya nemi wani dattijo da alƙalin yake jin kunyarsa. Sai bayan waɗannan ƙofofi sun rufe ne zai fita waje, kuma ko a lokacin ya faɗi abin da ya shafi gonar kaɗai, ya bar sauran abin da ya sani na gidan mutumin a cikinsa. Annamimi yana jin daɗin abin da yake yaɗawa, shi kuwa wannan yaro ya kamata a ga yana yi yana kuka.

Hajiyar Garin Malam ta amsa:

Ƙanwata, ni mai karatu ce kawai, amma ina da saɓani kaɗan da waɗanda suka riga ni. Dukansu suna taimaka miki ki wanke magatakardan, ni kuwa ina ganin kada ki wanke shi gaba ɗaya.

Ƙyamar da mutanen garin nan suke yi wa mai kai rahoto tana da tushe. A 1906 Faransawa suka tuɓe Sarki Amadu Ɗan Bassa bisa labarin da aka kai musu cewa ana shirya musu tawaye, suka kai shi gudun hijira, kuma sarautar Damagaram ba ta dawo ba sai a 1923. Mutanen da kakanninsu suka ga abin da maganar da aka kai wa mai mulki take haifarwa ba za su yi saurin tafa wa mai kai magana ba, kuma suna da hujja, domin an sha ɓata masu gaskiya da ƙarar ƙarya. Duk wanda ya faɗi a shari'a yakan ce an sayi alƙali, ko da shi ne marar gaskiya. Idan littafinki ya koya wa mutane cewa duk zargi gaskiya ne, ya zalunci alƙalan kirki da Baba ya ambata.

Saboda haka ki bar mai karatu cikin shakka na wani lokaci, ya riƙa tambayar kansa ko yaron nan ya fahimci abin da ya gani, ko kuwa akwai wani tsohon haushi a ransa. Ki ba alƙalin dalilansa: dangi da suka rataya a wuyansa, bashin da ya ci a wurin attajirin tun lokacin jinyar mahaifiyarsa, da yadda ya fara da karɓar abin da kowa zai kira alheri. Sannan ki nuna mana matar magatakardan, domin ita ce za a daina gayyata biki, ita ce matar alƙalin za ta wuce a kasuwar Dole ba tare da ta amsa gaisuwarta ba. Ki nuna mahaifinsa ranar da zai shiga masallaci a sahu ɗaya da abokinsa na shekara arba'in. Ni a wurina a nan littafin yake, fiye da zauren kotu. Kuma ina roƙonki kada ki mayar wa matar nan gonarta cikin sauƙi a shafin ƙarshe, domin duk wadda ta taɓa bin shari'ar gado za ta ajiye littafin ta ce marubuciyar ba ta san abin da take faɗa ba.

Malamar Birni ta sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, maganarka ta sa na koma babi na huɗu na rushe shi. A da matashin yana tsintar shaidar ne a cikin aljihun tebur, yanzu kuwa shi da kansa zai mayar da jingina ta zama sayarwa, ya sa hannu, sannan ya ga matar a bakin ƙofar kotu tana tambayarsa da Hausa abin da takardar ta ce. Zan sa labarin a 2012, lokacin da layin wayar da Ɗan Zango ya ambata yake sabo kuma mutane suna ɗokinsa. Matakan da Malam ya zayyana za su zama babi uku, dattijon da za a nema ya shiga tsakani kuwa mahaifin yaron ne da kansa, wanda zai je ya dawo bai iya buɗe baki ba.

Hajiya, na karɓi maganar shakka da ta matar magatakardan, amma a kan gonar ban yanke ba tukuna. Ina tunanin kotun ɗaukaka ƙara ta Damagaram ta soke hukuncin bayan shekaru, a lokacin da an riga an yanka gonar filaye an sayar wa mutane goma sha biyu da ba su san komai ba, har wasu sun gina sun tare. Baba, idan haka ta faru, wane mataki ake bi a aikace, kuma wa ake aikawa ya kai wa mutanen da ke cikin gidajen takarda?